Shuɗin Bakin Gatari

Ranar kasuwar Funtua ce, damina ta 1964, wani manomi daga Gozaki ya dawo wa Ummaru Maƙeri da gatarinsa. Sara uku kawai, bakin ya lanƙwashe.

Ummaru ya shafa bakin da babban yatsa, don yanar ido ta riga ta rufe masa gani. Shekara biyu ke nan maƙwabcinsa Malam Sanda ke gani a madadinsa. Tsohon malamin makaranta ne, matarsa Lauratu ta rasu ta bar shi da akwati uku na littattafai da baki mai ɗaci.

Aikin ba wuya. Ummaru ya ƙera gatarin daga tsohon ƙarfen sifirin na mota, ya tsoma shi a ruwa yana ja zur, ya goge bakin da dutse, ya mayar kan garwashi. Sai launi ya fara tafiya a jikin ƙarfen. In ya kai ruwan zuma, Malam ya ce "Yanzu!" a sake tsomawa. In an gaggauta, ya fashe. In an bari ya wuce, ya yi laushi.

"Malam, zuma ka gani ran nan?"

"Ni da na karanta littafin ƙarfe tun kana ƙera allura?"

"Ashe hannun ne ya tafi," in ji Ummaru a hankali. "Ya bi idon."

Ya yayyafa wa wutar ruwa, ya rataye zugazugan. Bai ƙara hura ta ba.

Malam ya san abin da ya faru ran nan. Zuma ta zo, ya buɗe baki, sai ya hango wani launi na biye da ita, kamar wuyan tattabara, bayansa kuma shuɗi mai sheƙi, sak mayafin da Lauratu ta shigo gidansa da shi. Ya tsaya yana kallo har zumar ta gama wucewa ta bakin gatarin.

Kullum da hantsi yakan leƙa zauren Ummaru da niyyar faɗa masa gaskiya.

"Ya jikin, Sarkin Maƙera?"

"Da sauƙi. Karanta mini wani abu mana."

Sai ya karanta. Har aka fara tsinkar auduga yana karantawa, ran Talata Ummaru ya cika.

Bayan sadakar uku Malam ya shiga maƙerar. Gatarin na jingine da uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta. Ya ɗaga shi saitin ƙofa. Tsatsa ta fara ci, amma can gefe akwai sauran shuɗin, faɗin farce.

"Ummaru," ya ce wa tokar, "hannunka lafiya lau."