Kalangun Ɗanbaba

Da Ɗanbaba ya rasu, kalangunsa bai yi kwana uku a gidansa ba. Sarkin Fawa Isiyaku ya aika aka ɗauko shi, aka rataye a ƙusa a ɗakin ƙungiyarmu da ke bayan kwata. Ya ce wannan kalangun na mahautan Agege ne, ba kayan gado ba ne, zai zauna nan sai an sami wanda zai maye gurbin mai shi.

Ɗanbaba ya fi shekara talatin yana yi mana kiɗa. A wajenmu duk mahaucin da ya isa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da in an kaɗa ya san da shi ake, ya miƙe ya ɗaga barhonsa, wuƙar fawa, a gan shi. Ni ma bara, da na sami teburin kaina, marigayin ya yi mini nawa, ɗan gajere.

Mutum biyu suka nemi kalangun. Na farko Hamani, wani mutumin Nijar da ya daɗe yana bin marigayin da ƙaramar ganga. Ba na son faɗin aibin mutum, amma kiɗan Hamani kamar ana sarar ƙashi a kan gungume yake. Na biyu Abdulwahid, ɗan Ɗanbaba na cikinsa. Gida ɗaya muka tashi da shi. Tun muna samari ya bi wasu makaɗa a Mushin, daga nan ya yi nisa. Kiɗan da yake yi jaz suke ce masa, nasu ma wai gauraye ne, an zuba na Turawa da na Yarabawa da na wasu ƙasashe a tukunya ɗaya. Jirgi ya kai shi garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba. Ko jana'izar ubansa bai samu ba, yana can.

Bayan arba'in ya zo ya same ni a teburina, yana ta ɗage ƙafar wando kada jini ya taɓa shi.

"Ladan, wai da gaske wancan mai dukan katako za su ba kalangun Baba?"

"Ba su ba shi ba tukuna. Sarki ya ce ran Lahadi bayan la'asar kowannenku ya zo ya kaɗa a ji."

"Ni za a gwada? Da Hamani?" Ya yi dariya ta hanci. "Hamani ko tafi aka ce ya yi sai ya ɓata shi."

Na ce ya nemi aron kalangu ya ɗan saba hannu. Ya ce shi ba zai sa wani kalangu a hammata ba in ba na ubansa ba. Da kayansa zai zo, ya nuna musu abin da ake kira kiɗa. Ya ce yana da wani tsohon kaset na Baba da aka ɗauka wata Sallah tun muna rarrafe, ya haddace shi kaf. In zo in ji.

Na je Mushin ran Alhamis, wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da katifu. Ya zauna a tsakiyar ganguna biyar, ga wasu faya-fayen tagulla a kan sanduna, ga wata babbar ganga a kwance wadda da ƙafa ake bugunta. Ya fara a hankali. Can sai na ga hannun dama yana wani kiɗa, na hagu yana wani daban, ƙafafu kowace da nata, kuma duk in suka yi nisa sai su dawo su haɗu wuri ɗaya kamar sun yi alkawari. 'Yan sandunan ma na daina ganinsu. Daga nan ya dafa gwiwar hannunsa a kan fatar ƙaramar gangar, yana dannawa yana saki, sai gangar ta fara magana. Da na rufe ido da na rantse Ɗanbaba ne.

"Wanne zan kaɗa musu?" in ji shi.

"Duk abin da ke cikin kaset ɗin," na ce. "Daga farko."

Ni na faɗa masa haka. Kaset ɗin ya girmi wayona, ban san taken su wane ne a ciki ba, daɗi kawai na ji.

Ran Lahadi aka jera benci a filin bayan kwata. Sarkin Fawa yana kan kujerarsa, kalangun a kan cinyarsa. Hamani ya zo da wuri, ya gaida kowa da sunansa. Abdulwahid sai da aka jira shi, ya iso da motar haya, danfo guda shi kaɗai, aka shiga sauke kaya.

Sharif mai kayan ciki, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya leƙa motar. "Ina amaryar? Ga kayan ɗaki sun iso."

"Wancan murfin tukunyar na miyar wace rana ce?" in ji wani.

Wani kuma ya ce, "Ku bar Oga ya jera. Uban da ganga ɗaya ya ciyar da gida, ɗan sai ya haɗa da faranti."

Abdulwahid yana ta murɗa ƙarafa yana ƙwanƙwasa fata, ya yi wa direban wata magana da Yarabanci, suka yi dariya. Dariyar nan ba ta yi wa dattawa daɗi ba, don duk suna jin Yarabancin.

Hamani ya fara, da wani kalangun aro. Abin sai haƙuri. Ya kaɗa taken Sarki, ya tsinke a tsakiya, ya sake. Sarki ya ɗaga hannu ya amsa. Ya kaɗa na Sharif kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki, Sharif ya miƙe yana yatsina fuska ya ɗaga barho. Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har nawa ɗan gajeren ya ƙara gajarta shi. Amma na gane, na miƙe. Abdulwahid yana gefe yana latsa waya.

Da aka ce ya zo, bai gaida kowa ba, ya hau kujerarsa. Sharif ya ce, "To a ɗora sanwa."

Bai rufe baki ba kiɗan ya tashi. Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar ruwan sama ya sauka a kan kwano, sai ya tsaya cak, sai ya dawo ta wani gefen da ba ka zata ba. 'Yan dakon nama suka ajiye baro. Matan da ke wanke tumbi suka taho hannuwansu na ɗiga. Sharif ya bar baki buɗe, ya manta da abin da zai ce. Ni kuwa ina ta kallon dattawan, ina cewa a raina to ku yi dariyar mana.

Sai ya dafa gwiwar hannu a kan fatar. Gangar ta yi kira, kira sosai, ba kamar na Hamani ba.

Dattawa uku suka miƙe tsaye a tare, suka juya suna kallon bakin ƙofar filin. Sarkin Fawa ma ya yunƙura, kalangun ya kusa zamewa daga cinyarsa. Ba wanda ya shigo. Suka koma suka zauna a hankali, ba mai kallon wani.

Abdulwahid ya ɗauka kiɗan ne ya tashe su, ya yi murmushi ya ƙara wuta. Ya wuce na biyu, ba wanda ya ɗaga barho. Na uku ma haka. A na huɗu wani tsoho ya sa hula ya rufe fuska.

Sarki ya ɗaga hannu. Sai da ya ɗaga sau biyu kafin Abdulwahid ya gani ya tsaya.

"Ɗan Ɗanbaba."

"Ranka ya daɗe."

"Wa ka fara kira?"

"Taken Sarkin Fawa ne. Da shi Baba yake farawa."

"Na Iliyasu ne. Yayana, wanda na gada. Shekararsa sha ɗaya a ƙasa." Sarki bai ɗaga murya ba. "Na biyun ma mun kai shi makwanci. Na ukun a Ojota mota ta buge shi. Na huɗun ga ƙaninsa can ya rufe fuska. Mu nan in mutum ya tafi, takensa ya bi shi. Ubanka bai taɓa kiran wanda ba zai amsa ba."

Na so in miƙe in ce ni na sa shi, amma ban miƙe ba.

"Hannu kam akwai," in ji Sarki. "Ban taɓa jin irinsa ba, har a wajen ubanka. To kaɗa mini nawa."

Abdulwahid ya riƙe sandunan. Ɗazu Hamani ya kaɗa taken a gabansa har sau biyu. Ya waiwayo ya dube ni. Ni baki gare ni, ba ganga ba, kuma kowa yana kallo.

"Na Sharif fa?" in ji Sarki.

Abdulwahid ya dubi Sharif, ya dubi gangar.

"Na Ladan, abokinka?"

"Ranka ya daɗe, a kaɗa mini sau ɗaya kawai. Sau ɗaya. Kafin magariba zan riƙe na kowa."

"Na san za ka riƙe. Mutumin da ya riƙe tukwane biyar." Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba. "In Sharif ya mutu watan gobe kana ƙasar Turawa, wa zai gaya maka ka daina?"

"Sarki, a bar ni in ga Sallah mana," in ji Sharif. Amma ya faɗa ne a sanyaye.

Sarki ya kira Hamani. Hamani ya zo ya durƙusa, aka miƙa masa kalangun, ya karɓa da hannu biyu. Ya rataya, ya matse a hammata, ya buga. Ƙarar ta fito kamar tunkiya mai mura. Ya sake bugawa, haka.

Abdulwahid ya sauko daga kujerarsa. Na zaci tafiya zai yi, sai na ga ya nufi Hamani.

"Kawo."

Hamani ya dubi Sarki. Sarki ya gyaɗa kai.

Abdulwahid ya zauna a ƙasa, a kan simintin da ɗazu yake ɗage wa wando. Ya ɗora kalangun a cinya yana bin tsarkiyar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya sami wadda ta saki, ya ja ta ya ɗaure. Ya bi sauran duk ya daidaita. Ya daɗe yana yi, ya fi yadda aikin yake bukata, ba kuma wanda ya ce ya yi sauri. Da ya gama ya ƙwanƙwasa fatar da farce sau ɗaya, ya kara kunne. Bai sa shi a hammata ba.

Ya miƙa wa Hamani. "Kada ka bar shi a rana. Kuma ka rage duka, ba jaki ba ne."

"To, Oga," in ji Hamani.

Ya tashi ya kakkaɓe wando, ya koma ya fara kwance faya-fayensa. Na je na riƙe masa jakar, yana zubawa a ciki.