Fuskar da Ke Kallon Bango

Ma'aikata biyu na riƙe da wani zanen hoto a tsakiyar ɗakin, suna jiran Frauke ta ce wani abu. Ta ce su juya shi. Suka juya. Ta ce su sake juyawa.

Mahaifinta, marigayi Hinnerk Brodersen, ya gaji halin malamansa na zane: in ƙyallen da ake zanen a kai ya yi masa wuyar samu, sai ya kifa tsohon aiki ya yi sabo a bayansa. Wannan ma haka yake, gaba da baya, kuma duka fuskar mace ɗaya ce, Gesche, mahaifiyar Frauke. A gefe guda tana zaune bakin teku cikin farar riga, tana dariya. Wannan gefen Frauke ta sani, shi ke rataye a falonsu tun tana rarrafe. Ɗayan kuwa sai makon jiya ta gan shi, da aka ɓalle katakon baya. Fuskar koriya ce shar, idanun ramuka biyu, bakin a karkace. Tekun ja wur, a cinyarta takalmin yaro ƙafa ɗaya.

Gobe gidan adana zane na garin zai baje ayyukan marigayin, ga shi bango ba ya nuna fuska biyu. Zanen na Frauke ne, don haka zaɓin ma nata ne.

Tjarks, shugaban gidan, mutum ne da in ya ga baƙin ciki a jikin ƙyalle har hannu yake murzawa don daɗi.

"Ranki ya daɗe, dubi koren nan. Ba fata ya zana ba, abin da ke ƙarƙashin fatar ne. Takalmin kuma..."

"Na yayana Okke ne. Ruwa ya ci shi kafin a haife ni," in ji Frauke. "Yallaɓai, kai zane kake gani, ni uwata nake gani. Tana raye, kuma yau za a kawo ta. A rataye mai dariyar."

Aka rataye.

Tsoro ne ke cin Frauke, ba wani abu ba. Ba a taɓa ambaton sunan Okke a gidansu ba, kuma ba ta so a ce ita ta tona shi a gaban duk garin, a ƙarshen rayuwar tsohuwa.

Motar gidan kula da tsofaffi ta iso da rana. Wata ma'aikaciya ta turo Gesche a keken marasa lafiya, an lulluɓe mata gwiwoyi da bargo. Tsohuwar ta bi zanukan mijinta da ido kamar mai duba shanya, har ta zo kan nata.

"Wa ya rataye ni haka?"

"Ni ce, Mama. Kin yi kyau, ko?"

"Kyau? Haƙoran nan ma na ƙanwarsa ne. Ni ban zauna masa ba. Ku sauke, ku juya min."

"Mama, babu komai a bayan."

"Ke Frauke, tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba, da furfura za ki koya? Samari, ku juya."

Ma'aikatan suka dubi Frauke. Ta ɗaga musu kai. Gesche ta daɗe tana kallon koriyar fuskar, ba ta ko ƙifta ido.

"Wannan ya fara yi," ta ce. "Mako guda bayan jana'izar yaron. Na zauna, ya zana, ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan. Da ya gama na duba, na ce yauwa, wani dai ya gan ni. Da na sami cikinki na ce masa ba zan bar jinjiri ya taso yana kallon wannan ba, ya kifa ya yi min mai dariya. Ya yi ta kuka yana yi, sakarai."

"Don ni kenan."

"To don wa? Yanzu ai kin girma." Ta gyara bargonta. "Na gaji da kallon bango. Ku mai da ni daidai."

Ma'aikatan suka ɗaga zanen. Frauke na tsaye, tana kallo, fuskar da ta taso tana kira uwarta ta juya a hankali ta shige bango. Ta nemi kuka, bai zo ba.

Gesche ta ɗan miƙa wuya wajen takalmin.

"Na hagu ne. Na daman ba mu taɓa samunsa ba." Sai ta waiwayi Tjarks. "Kai ɗan nan, ana ba da shayi a gidan nan, ko sai kallo?"