Karatun Malam a Ƙafa Yake

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, a shekarar ne maigidana ya haƙa hanya a tsakar gidanmu da tafin ƙafarsa. Ba ƙari nake yi ba. Daga bakin rijiya zuwa gindin darbejiya, daga nan zuwa ƙofar zaure, ya juyo ya sake, har ƙasar wurin ta lotsa ta yi sumul, kaji ma suka koyi kauce mata.

Malam Dunoma ake ce masa, ko da yake ni Malam kawai nake cewa. Akawu ne a baitulmalin Kazaure, yana neman takardar zama cikakken akanta. Darussan ta gidan waya suke zuwa, ƙunshi bayan ƙunshi, duk da Turanci. Ya cinye sauran jarrabawowin, saura guda ɗaya tak, ta dokar haraji da dokar kasuwanci. Sau biyu yana zuwa Kano ya zauna mata, sau biyu yana faɗuwa. Masu jarrabawar kuwa sau uku suke ba mutum dama. In ya faɗi na uku an rufe masa ƙofa, har waɗanda ya ci a baya sun bi ruwa. Shekara shida na wahalarsa ke nan a rataye a kan zama guda na awa uku.

Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, wannan kowa ya shaida. Mahaifinsa Baba Kura mutumin Barno ne, gwani, kuma a tsaye ya koya wa 'ya'yansa hadda. A ganin Baba, yaron da ya zauna da allo gyangyaɗi yake nema, saboda haka sai ka tashi ka yi ta zagaya fili kana ɗaga murya har karatun ya zauna. Haka Malam ya tashi, haka kuma ya ɗauki dokar Turawa. Ya kama shafi ya yi ta bita yana tafiya, sashe da ƙaramin sashe, da sunayen waɗansu mutanen Ingila da suka yi shari'a tun kakanninmu ba su zo duniya ba. In aiki ya kai shi Roni ko Gwiwa, sai ya sauka daga keke ya riƙa tura shi don kada tafiyar ta tashi a banza. An ce wata mai tallan nono ta hango shi a hanyar Gwiwa yana faɗa da iska da Turanci, ta sauke ƙwaryarta ta shiga gona.

Ni dai na gaji. Ba na iya shanya hatsi, ba na iya zama da baƙi, ko'ina na juya ga Malam ya taho yana ƙunƙuni. Wata rana na tare shi a bakin rijiya na ce ya gaya mini da Hausa abin da yake ta maimaitawa tun safe. Ya ce dokar ciniki ce, wai ciniki ba ya ƙulluwa sai wani ya taya, wani ya sallama. Na ce to wannan ai ko makauniyar da ke sayar da daddawa a kasuwar Roni ta sani, ba ta kuma biya kuɗin kan sarki ba. Ya yi dariya, ya ce ita ba a tambayarta lambar sashe. Ya zagaye ni ya ci gaba.

Sai da ya rage wata uku kafin zama na ƙarshe sannan ya faɗa mini abin da ke cinsa. Ya tsaya cak a tsakiyar hanyarsa, abin da ban saba gani ba.

"Tasalla, ni fa karatuna a ƙafa yake," ya ce. "Ina zama kan kujerar nan tasu, a ce kada a yi motsi, kada a yi magana, sai kaina ya zama fayau. Ina fitowa waje na yi taku goma, duk sai ya dawo."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, don shekara biyu yana ɓoye wannan yana barina ina zargin masu gyaran takarda. Na ce to daga gobe zama za a koya.

Muka aro tebur da kujera. Ranar farko ko minti ashirin bai yi ba na gan shi a gindin darbejiya, wai bai san lokacin da ya tashi ba. Rana ta biyu na kwance ɗankwalina na ɗaure masa ƙafa a jikin kujera. Ya zauna, amma takarda ta tashi fara fat, gumi ya jiƙa masa riga. Baba Kura ya leƙo ya gan shi a ɗaure, ya yi wata magana da Barbarci wadda ban ji ba, ya koma zaure yana girgiza kai. Mako biyu muna wannan fama. Shi ba ya cin abincin kirki, ni ma na kasa zama wuri ɗaya, in shiga ɗaki in fito ban san abin da na je ɗauka ba.

Abin ya warware ne ba da dabarar kowa ba. Ina daka gero da hantsi, shi yana ɗaure a wurinsa, sai na ga alƙalami yana gudu. Na tsaya in sha ruwa, alƙalami ya tsaya. Na ɗauki taɓarya, ya ci gaba. Ashe ba tafiyar yake bukata ba, bugun takun yake bukata. Tun da ba za a bar ni in shiga ɗakin jarrabawa da turmi ba, sai ya koyi yi wa kansa. Ya zare ƙafa daga tsohon takalminsa na fade, ya kafa yatsu a ƙasa, ya riƙa buga dunduniya a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ba mai ji, ba mai gani. Kafin wata guda yana cika awa uku a zaune, babu ɗauri, yana cika shafi goma sha biyu. Na fara shanya hatsina a inda na ga dama.

Ana saura kwana goma, Saude ta zo mini yini. Ita ce matar Sama'ilu, abokin aikin Malam, wanda shi ma zai sake zama jarrabawar. Tana cikin surutunta ta ce ai ɗakin jarrabawar nan cike yake da mutanen Ikko da 'yan birni, kowa da kwat da takalmi sau-ciki yana ƙyalli, wai Sama'ilu ya ce Malam ne kaɗai ke shiga da fade kamar wanda zai je cin kasuwa. Ta yi dariya, ni ma na taya ta, amma maganar ta yi mini ciwo. Na ce a raina mutumin da ya fi su duka karatu ba zai sake shiga cikinsu a raine ba.

Ina da akuya guda wadda mahaifiyata, Uwa, ta ba ni da zan taho daga Roni. Na sa yayana Hamma ya sayar da ita, ya je kasuwar Babura inda 'yan Nijar ke kawo kaya, ya sayo takalmi. Baƙi ne, mai igiya, da ɗan ƙarfe a dunduniya. Malam ya juya shi, ya yaba, ya yi godiya, sannan ya ce zai ajiye shi sai sallah. Na san halinsa. Ranar tafiya da sassafe na ɗauke faden na jefa cikin tsohuwar tukunyar da ke bayan ɗaki.

Ya nema a ƙofar ɗaki, ya nema a zaure, ya zagaya bayan ɗaki ya dawo. Na ce wataƙila kare ya ja. Motar Kano kuwa tana ta oda a tasha. Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya zauna ya ɗaura igiyar sabon takalmi. Ina jin takunsa ƙwas-ƙwas a kan duwatsun lungu har ya yi nisa, raina fes.

Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi, ya ce an yi, sai addu'a. Wata uku muna jira. Kullum ya biya gidan waya kafin ya shigo gida, kullum in karanta fuskarsa tun daga zaure. Ranar da takardar ta zo, a tsaye ya buɗe ta, ya karanta, ya ninke, ya ce Allah bai yi ba. Ya tattara darussan nan duka ya ɗaure da igiya ya ɗora a kan sif. Sama'ilu ya ci, aka ba shi aiki a Kano.

Daga ranar Malam bai ƙara zagaya tsakar gida ba. Damina ta sauka, ciyawa ta fito a kan hanyarsa. Ni da na yi shekaru ina ƙorafin ƙunƙuninsa, sai shirun gidan ya hana ni sakat. Na yi ta tunanin inda aka kuskure. Na zargi masu gyara, na zargi baki, har Baba Kura na zarga a zuciyata da irin koyarwarsa. Shi kuwa Malam kowace Juma'a sai ya sa takalmin nan a goge ya tafi masallaci, in ce aƙalla akuyata ba ta tafi a banza ba.

Saude ce ta zo sallama, za su tare a Kano. Muna zaune ta ga takalmin a ƙofar ɗaki, ta ce ikon Allah, har yanzu yana sa shi bayan abin da ya ja masa? Na ce me ya ja masa? Ta kama baki, amma Saude ba ta iya riƙe magana ba, ban sha wuya ba ta zazzage mini abin da mijinta ya gani.

Daɓen ɗakin jarrabawar na siminti ne, wurin kuma tsit. Ana raba takarda Malam ya soma buga dunduniya, ƙarfen nan ya amsa, ɗaki duka aka waiwayo. Mai tsaro ya zo ya yi masa kashedi. Can ƙafar ta sake yi da kanta, mutumin ya dawo ya rubuta lambarsa, ya ce in ya ƙara zai fitar da shi. Sai Malam ya danne gwiwarsa da hannun hagu, ya zauna fiye da awa guda alƙalami bai motsa ba. Daga bisani ya sunkuya yana kwance igiya, mai tsaro ya zaci takarda ya ɓoye a ciki, ya tashe shi tsaye, aka fita da shi aka zazzage takalmin, aka caje aljihu. Da aka bar shi ya dawo ƙafa ba takalmi, Sama'ilu ya ce bai taɓa ganin rubutu da gudu irin wannan ba. Tambaya biyar ake so. Yana tsakiyar ta uku aka ce a ajiye alƙalami.

Ban san yadda na raka Saude ba. Na dawo na tsaya a tsakar gida, na zauna, na tashi, na ɗora tukunya ban hura wuta ba. Kunya da baƙin ciki suka haɗu mini, irin wanda ban taɓa ji ba.

Bayan la'asar ya shigo. Alhamis ce, ya ɗauko tsumma ya zauna a ƙofar ɗaki yana goge takalmin saboda gobe. Na zagaya bayan ɗaki na zaro faden daga tukunya. Gara ta cinye maɗaurin ɗaya. Na kawo na ajiye a gabansa, na durƙusa.

"Malam, ba kare ba ne. Ni na ɓoye. Saude ta gaya mini komai."

Bai daina gogewa ba. "Na sani," ya ce. "Na ga maɗaurinsa ya leƙo daga bakin tukunya tun a ranar."

"Ka gani? To me ya hana ka ɗauka?"

Ya juya takalmin, ya hura ƙurar da ke jikin ƙarfen.

"Akuyar Uwa fa kika sayar, Tasalla. Kina tsaye kina kallona."

Ya ajiye wanda ya gama, ya ɗauki ɗayan.