Kumatun Auta

Tun da likita ya ɗora Auta a kan maganin ciwon ƙoda kumburin ƙafafunta ya saɓe, sai dai fuskarta ta cika ta yi suntum. Yara a makaranta suka laƙaba mata "Kumatu". Kullum da kuka take dawowa, ta ɓuya bayan keken ɗinkin uwarta.

"Mama, don Allah ki daina ba ni ƙwayar nan. Ai na warke."

Uwar ta ga yarinya tana gudunta da tsallenta, sai tausayi ya rinjaye ta. Ta jefa sauran maganin a aljihun keke, ba ta gaya wa kowa ba.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama Auta, ga amai. Da hantsi uwar ta zo ba ta ruwa, ta tarar jiki ya saki, hannuwa sun yi sanyi ƙalau.

A asibiti likita ya ce, "Yaushe rabonta da maganinta?"

Ta gaya masa. Sai ya ce, "Baiwar Allah, maganin nan in an daɗe ana sha, jiki yakan daina yin nasa sinadarin. A hankali ake janye shi."

An yi allura, an sa ƙarin ruwa, amma kafin la'asar rai ya yi halinsa. Uwar tana zaune bakin gadon, ta kasa ko kuka, ta jiyo muryar mijinta a baranda yana tambayar wane ɗaki aka kwantar da 'yarsa.