Tuffar Yaya Mastura

"Ki tsinko min ita, Nuha," in ji Yaya Mastura daga kan katifar da aka shimfiɗa mata a bakin ƙofar tsakar gida.

"Ba ta nuna ba, ya ummi. Ke da bakinki kika ce saura sati uku."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ki tsinko."

Ina gefe ina yi mata fifita. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da ita a unguwar Ruwais ta Jidda, na san ba a ja da ita a kan itatuwan nan.

Jidda ba garin tuffa ba ne, sanyi take so. Amma Yaya Mastura ta sayo dashe uku daga Ɗa'ifa, ta sa kowanne a rabin ganga. Duk watan Janairu sai ta bi ta tsige ganyensu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ta jera ƙanƙara a gindinsu, wai su ɗauka sanyi ya zo ya wuce, su yi fure. Suna yi kuwa, zafi ya kakkaɓe shi. Shekara tara ke nan. Sai bana, da likita ya ce a mayar da ita gida a riƙa lallaɓa ta, ƙwaya ɗaya ta kama. Ba ta fi ƙwan kaza ba, koriya shar.

Nuha, autarta, ta tashi ta shige kicin. Na bi ta. Ta kunna famfo, ba abin da take wankewa.

"Khala Rahamatu, kullum da safe tuffar nan take fara tambaya. Ta ƙara girma? Ta fara ja? In na tsinke, halas, shi ke nan, me kuma za ta jira?"

Na bari ta gama kukanta.

"Jiya kunu cokali biyu ta iya haɗiyewa," na ce. "Sati uku da nisa, 'yata."

Ta goge fuska da bayan hannu. Sannan ta rufe famfon, ta fita, ta tallafi tuffar a tafin hannu, ta ɗaga ta sama ta murɗa a hankali yadda uwar ke nuna mata daga kwance.

Tauna ta gagari Yaya Mastura tun tuni. Na raba tuffar biyu, na riƙa kankarowa da ƙaramin cokali kamar za a ba jariri. Ta karɓa, ta runtse ido, fuskar duk ta tattare.

"Tsami," ta ce. Ta juya kai wajen gangar. "Mara kunya. Shekara tara ina shayar da ke ƙanƙarar da ko ni ban sha ba."

Nuha ta yi dariya da hawaye a kumatu. "Bas, ya isa?"

"Wa ya ce? Ƙaro."

Cokali huɗu ta sha. Ta sa muka ɗanɗana, ni da Nuha, haƙorana har suka mutu. Ragowar kuwa ta ce a yanka a miƙa wa Abdulghani mai shagon bakin layi, wanda kullum in ta je sayen ƙanƙara sai ya tambaye ta ko itatuwan na son shayi ma.

"Ku ce masa 'yar Ruwais ce, ba wadda jirgi ya kawo ba. Yalla, maza, kafin ta yi baƙi."

Ranar Alhamis bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, Nuha na riƙe da hannunta, ni ina karanta mata abin da ya sawwaƙa.

Da aka gama kwana ukun zaman makoki, na shiga taya Nuha tattara kofunan gahawa. A kan tagar kicin na ga ɗan faranti, ta jera 'ya'yan tuffar guda biyar suna shan iska. Farare ne, ba su ƙosa ba. Irin haka ba ya tsirowa.

Na goge tagar, na mayar da farantin inda rana ba ta dukansa.