Sikelin Adda Yusrah

Tun ranar da aka kai Ikram gidan Abdulhakeem a unguwar Makama da ke Yola na san ba shi kaɗai ta aura ba, har da yayarsa Adda Yusrah. Ikram ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Hansai, mai ɗinki a bayan babbar kasuwar Jimeta, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa mijin nan bai cika min ido ba. Ƙato da shi, ga gemu, ga mota, ga kujera a sakatariya, amma ko labule zai canza a ɗakinsa sai ya ji ta bakin Adda.

Ciki biyu Ikram ta yi, duka biyun hawan jini ya raba ta da su. A na biyun har jijjiga ta yi, ina tsaye a kanta ina salati. Likita bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce kada ta kuskura ta sake ɗaukar ciki sai ta zubar da kilo goma jininta ya sauka, in ba haka ba na uku zai iya tafiya da ita. Ya ce ta rage tuwo da mai, ta riƙa tafiyar sauri kullum.

Nan fa aka yi ta. Adda Yusrah ta ce a gidansu ba a taɓa ganin matar aure ta sa takalmin kambas tana zaga filin makaranta kamar mai neman aikin soja ba. Da Ikram ta yi kuka, sai aka yi mata alfarma, wai alfarma: sati uku. In sikeli ya nuna ta ragu, ta ci gaba. In bai nuna ba, ta zauna a ɗakinta.

Sikelin kuwa na Adda ne, kuma bari in faɗa muku inda ta samo shi. Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, 'yan gudun hijira suka cika sansanin Malkohi, wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin ɗora mata a kan sikeli tana karanta lamba wani yana rubutawa. Matan da suka ƙetaro daji a ƙafa, fata da ƙashi. Da aikin ya ƙare, sikelin ya biyo ta gida a cikin hijabi. Tun daga nan ta zama likitar zuri'a. Lamba kawai ta iya karantawa, wallahi, amma ko ciwon haƙori ne sai an kai mata.

Ikram ta dage, Allah ya gani. Gari na wayewa take fita da wasu maƙwabtanta biyu, ta dawo jiƙe da gumi. Cinyoyinta suka yi tsami har sai ta dafa bango take zama. Ranar farko kilo casa'in da huɗu ce. Bayan sati ɗaya, casa'in da biyar. Ranar da sati uku suka cika, Adda ta shimfiɗa sikelin a tsakar gida a gaban ƙanenta, ta duƙa ta karanta casa'in da shida, da ƙarfi yadda na maƙwabta za su ji. Ta ce ga shi nan, wannan yawon ci yake buɗe mata, ƙiba yake ƙara mata. Abdulhakeem ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Aka rufe zancen fita.

Ni kaina abin ya ɗaure min kai. Na tambayi Keturah, nas ce da nake wa ɗinki shekara da shekaru, ta yi dariya ta ce wannan ai kullum suna gani. Jikin da bai saba ba, in ya fara aiki tsoka takan sha wuya, sai ta riƙe ruwa tana gyara kanta. Ruwa ne sikeli yake gani, ba kitse ba, kuma cikin 'yan makonni yake sauka. Ta ce in yarinyar ta daina yanzu ta yi asarar wahalarta.

A satin ne aka fitar da ankon bikin wata 'yar kawunmu, Ikram ta hau keke mai ƙafa uku ta kawo min atamfarta shago. Na zagaya mata tef a ƙugu. Inci arba'in da biyu. Na buɗe littafin awo, na ga kafin azumi arba'in da huɗu na rubuta. Na sake zagayawa, na ce ta saki numfashi kada ta yi min wayo. Arba'in da biyu dai. Hannu ma ya ragu da rabin inci.

Ko keken ɗinki ban rufe ba. Na ja ta muka tafi Yola da la'asar, na tarar da Abdulhakeem da Adda Yusrah a falo suna shan kunu. Na ajiye littafin a gabansa, na faɗa masa abin da Keturah ta ce, na nuna masa lambobin da yatsa. Ya duba littafin, ya dubi yayarsa. Ni kam na san daga inda amsa za ta fito.

"Adda Hansai, tef ai na tela ne," in ji shi. "Sikeli kuma na asibiti."

Adda Yusrah ta ajiye kofinta ta ce dama rage awo sana'ar tela ce, ta nan ake samun ƙyallen da ake yi wa 'ya'ya riga. Shekara goma sha tara ina ɗinki, ko zare ban taɓa riƙe wa mutum ba, sai ga wadda ta sato kayan 'yan gudun hijira tana kira na ɓarauniya. Na faɗa mata haka, kalma da kalma. Na ce masa shi kuma Allah ya sawwaƙe wa namijin da sai an karanta masa matarsa a ƙasa kamar buhun masara. Ban yi nadama ba, amma na san bakina ya ɓata abin da na je gyarawa, domin har ƙofa ya raka ni ya ce kada in ƙara sa baki a gidansa.

Kwana huɗu bayan haka Ikram ta zo shago. Atamfar tana shimfiɗe a kan tebur, na ja alli a kan sabon awo, almakashi na hannuna. Ta zauna a benci. Na fara ce mata ko a cikin ɗaki ne ta riƙa zagayawa, ba wanda zai hana ta, wata ɗaya kawai za ta ga sikelin ya juyo.

"Adda, goge allin," ta ce. "Ki yanka a kan tsohon awo."

Na ce haba, rigar za ta yi mata buhu.

"Ki ma ƙara inci uku a ciki. Sun ce tun da abin likitan bai yi aiki ba, ba sauran abin jira. Jiya Hamma Abdulhakeem ya karɓe maganin tazarar haihuwar da nake sha."

Na ajiye almakashin. Sannan na jiƙa tsumma na goge allin.