Kifayen Yaya a Hannun Auta

Da yanar ido ta rufe wa wani mai aski idanu biyu, kifayensa sun fi damunsa a kan shagon da ya kulle. Akwatunan gilashi ne jere a ɗakin zamansa, a kan dogon bencin da ya ɗauko daga shago, cike da ƙananan kifin nan masu wutsiya kamar mafici da ake kira gupi. Babbansu bai kai ɗan yatsa ba. Tun bayan rasuwar matarsa ya kama kiwonsu, ɗansa tilo kuma yana aiki a wani gari mai nisa. Likita ya ce za a yi masa aikin ido, amma sai sukarin jininsa ya sauka, abin da zai ɗauki watanni.

Ƙanwarsa, wadda har ta aurar da 'ya'ya ba a daina ce mata Auta ba, ita ta ɗauki nauyin zuwa kowace safiya kafin ta buɗe shagon ɗinkinta. Ta zo ne don ta share ɗaki, ta ɗiga masa magani, ta tabbatar ya karya. Kifaye ba sa cikin lissafinta. Ta sha yi masa tsiya cewa ba ta taɓa ganin mutum da hankalinsa yana ciyar da kifin da ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba. Amma ranar da ta tarar da shi tsugune yana laluben gwangwanin abincinsu, rabin garin ya zube a ƙasa, sai ta karɓi gwangwanin.

Daga nan ya zama malami, ita ɗaliba mai gardama. Ya koya mata ta tsinci abincin da kan yatsu biyu kawai. Ya koya mata ta tara ruwan famfo a bokiti ya kwana, warin magani ya fita, kafin ta zuba musu. Kunnensa ya zama idonsa: idan injin da ke hura wa ruwan iska ya canza ƙara, kafin ta lura ya riga ya ce mata bututun ya toshe.

Wata safiya ya tambaye ta yadda cikin babbar macen nan mai ruwan toka yake. Ta duba ta ce ya kumbura har ya yi kusurwa, ga wani baƙin tabo kusa da wutsiya, kuma ta maƙale a bayan ciyawa ba ta son kowa. Ya gyara zama. Ya ce haihuwa ta zo, domin gupi ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take zubowa da ransu, kuma idan ba a raba su ba, uwar da kanta za ta haɗiye su.

"Uwar tasu?" in ji Auta.

"Ita fa. Ba mugunta ba ce, ba ta san nata ba ne. Duk abin da ya motsa ya shiga bakinta, abinci ne."

Ranar ba ta buɗe shago ba sai bayan azahar. Ta mayar da macen ƙaramin akwati, ta ja kujera ta zauna. Can sai ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa mai idanu ya faɗo, ya nutse, ya miƙe, ya ruga cikin ciyawa. Wani ya biyo, wani ya biyo. Tana faɗa masa yana murmushi, fuskarsa na kallon bango. Da uwar ta gama, Auta ta ɗebe ta da 'yar raga ta mayar cikin manya.

Ya ce ta dafa ƙwai, ta murje ɗan gwaiduwa kamar kan allura ta ba su. Ita kuwa da ta ga yadda suke rububi, tausayi ya kama ta. Ta ƙara, gobe ma ta ƙara, ba ta gaya masa ba. Ba a yi mako ba ta shigo ta tarar ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa, jariran kwance a ƙasa, 'yan kaɗan ne ke motsi. Ta tsaya riƙe da mayafinta ta rasa ta inda za ta fara.

Shi ya riga ta. Ya ce tun da gari ya waye yake jin warin. Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Sai ya ba ta labarin farkon kiwonsa, yadda ya wanke akwati da sabulu don tsabta ya wayi gari babu kifi ko ɗaya mai rai, ya zauna a shago yana aski yana share ido, har wani mai zuwa aski ya yi masa ta'aziyya don ya zaci mutum aka rasa. Auta ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta ce ita ba kifin kaɗai take wa kuka ba, ganinsa a zaune haka ne ba ta saba da shi ba.

"Na sani," ya ce. "Tashi ki canza musu ruwa, waɗanda suka rage suna jiranki."

Waɗanda suka rage suka rayu. Bayan wata guda macen ta sake haihuwa, wannan karon Auta ta riƙe hannunta wajen ba da gwaiduwa. Ta ɗinka wa bakin bututu ɗan kyallen raga don kada ya zuƙe jarirai. Da suka tasa, maza suka fara fitar da launi, sai ya hana ta sakat da tambaya. Idan ta ce ja, ya ce wane irin ja. Da ta gaji sai ta zo da kwalin zarenta, tana kara kowane zare a jikin gilashi tana gwadawa. Wannan wutsiyarsa jan zaren da ta yi wa matarsa aikin wuya da shi, wancan shuɗi ne mai duhu irin na rigar makarantar ɗansa. Da haka yake ganinsu. Wani lokaci maganar zare ta kai su maganar mutane, har rana ta take ba ta tafi shago ba.

Sukari ya sauka, aka yi aikin. Idon hagu bai dawo ba, likita ya ce jijiyar ta riga ta lalace. Na dama aka cire masa bandeji a asibiti, ya ce yana ganin haske da inuwar mutane, sauran sai a hankali. Auta ta riƙo hannunsa har gida, tana ta zumuɗin ya ga kifayen. Kwanaki kaɗan bayan haka, ta shigo da safe ta same shi tsaye gaban akwatin matasan, ya kusa manna hanci da gilashi. Da ya juyo, sai ya tsaya yana kallonta, har ta tsargu ta gyara ɗankwali.

"Auta, yaushe kika yi furfura haka?"

Ta ce kifayensa ne suka sa mata, kuma idan ya gama ƙare mata kallo ya zo ya zauna ta ɗiga masa magani.

Bai koma aski ba, don ido ɗaya da reza ba sa tafiya tare, ya bar wa wani abokin sana'arsa shagon. Kiwon ya koma hannunsa, sai dai akwatin jarirai, wanda Auta ta ce ba ta yarda da ganinsa a kansu ba tukuna. Bai yi musu ba. Da ɗansa ya zo hutu, ya tarar da su biyun a tsugune gaban benci suna gardama a kan wace mace za a ware, shayinsu ya huce a kan tebur.